Hoton Kan Jariri Tun Yana Ciki

Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai saƙa ta riƙe saƙarta, kunnuwanku kawai nake so ku ara mini. Gaisuwa ta musamman ga matan ƙasar Gwiwa, tun daga cikin gari har Korayel da Dabi da Rorau da Buntusu. Ku ma matan Roni da Kazaure da Babura ban manta da ku ba.

Abin da ya kawo zancenmu na yau, saƙo ne da wata baiwar Allah ta aiko mini daga wani ƙauye na Gwiwa ta wayar ƙanenta. Ba zan ambaci sunanta ba, ita ta san kanta. Ta ce 'ya'yanta uku duk a ɗaki ta haife su lafiya ƙalau, ko awo ba ta taɓa zuwa ba. Ciki na huɗu ne ya zo da gardama. Kwana biyu cur tana kan gwiwa, an ba ta rubutu, an ba ta jiƙe-jiƙe, kai ya ƙi saukowa. Sai da aka ga za a rasa ta sannan aka nemo mota. A asibiti aka yi mata aiki, aka ciro yaron babu rai, kansa ya yi girma ƙwarai, ya cika da ruwa. Ita ma da ƙyar ta tashi. Da ta dawo gida sai surutu ya tashi, wasu na cewa ɗan ruwa ta haifa, wasu na nuna abokiyar zamanta da baki. Yanzu ga shi ta sake samun ciki na wata uku, barci ya ƙaurace mata. Tambayarta ita ce: "Shin akwai yadda za a yi a san halin da kan yaro yake ciki tun kafin ranar haihuwa?"

'Yar'uwa, Allah Ya ba ki haƙurin abin da kika rasa. Amsar tambayarki kuwa, akwai. Amma kafin mu kai ga hoton, bari mu fara da yadda ƙwaƙwalwar take ginuwa, don sai an san gini ake gane inda ya tsage.

Da zarar ciki ya shiga, a makonnin farko, akwai wani siririn zubi shimfiɗaɗɗe a bayan ɗan tayi. Wannan zubi yakan naɗe kansa kamar yadda kike naɗe tabarma, bakinsa biyu su haɗu su manne, ya zama kamar bututu. Saman bututun shi ke zama ƙwaƙwalwa, sauran kuma ya zama lakar da ke cikin ƙashin baya. Wannan naɗi yana kammaluwa cikin kwana 28 da shigar ciki. Ku lura da wannan lissafi da kyau. Wato a lokacin da mace take cewa "kamar dai na yi ɓatan wata", tuni an gama wannan aiki.

Idan bututun bai manne ba ta ƙasa, sai a haifi yaro da ƙullutu ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya, sau da yawa ƙafafunsa ba ƙarfi, kuma ba ya iya riƙe fitsari da bayan gida. Idan ta sama ne bai rufe ba, ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa ba sa cika, irin wannan jariri ba ya rayuwa, ko a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa yakan koma. Wani kuma ƙullutun a ƙeya yake fitowa ko a karan hanci.

Sai batun ruwan kai, wanda ya sami yaron 'yar'uwarmu. Kowannenmu, da ni da ke, akwai aljihu huɗu a cikin ƙwaƙwalwarsa masu ɗauke da ruwa garai-garai. Kullum jiki yana yin sabon ruwa, tsohon kuma yana bin wasu 'yan hanyoyi ya fita, jini ya kwashe. Kun san yadda tsakar gida ke zama idan rariya ta toshe ana tsakiyar damina. To haka abin yake. Idan hanyar ta toshe, ruwan sai ya taru, ya riƙa danne ƙwaƙwalwa, kuma da yake ƙasusuwan kan jariri ba su riga sun haɗe ba, sai kan ya yi ta buɗewa. Akwai kuma akasin haka, inda ƙwaƙwalwa ba ta girma yadda ya kamata, kan ya zo ɗan ƙarami. A shekarar 2015 an ga yawaitar haihuwar irin waɗannan jarirai a ƙasar Barazil, aka gano cewa cutar Zika ce, wadda sauro ke yaɗawa, take kama iyayen suna da ciki.

Me ke jawo waɗannan matsaloli? Daga cikin abin da likitoci suka tabbatar akwai ƙarancin wani sinadari mai suna folik asid a jikin uwa, da ciwon suga da ba a kula da shi ba, da wasu magungunan farfaɗiya, da wasu cututtuka da kan kama mai ciki su ratsa zuwa ga ɗan tayi, da kuma gado. Da yawa kuma haka nan suke zuwa, uwa ba ta yi sakacin komai ba. Ana haihuwar irin waɗannan yara a Makka, ana haihuwarsu a Landan, a gidan mai kuɗi da gidan talaka, a gidan mai mace ɗaya da gidan mai huɗu. Saboda haka a daina ɗora wa kishiya, a daina cewa uwar ce ta fita da almuru ko ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta sha wuya, ta rasa ɗa, ba ta cancanci a ƙara mata da zargi ba.

Yanzu mu zo kan hoton. Na farko shi ne wanda kuka sani, hoton ciki, wanda ake ce wa sikanin. Za a shafa miki wani abu mai yauƙi da sanyi a ciki, a ɗora wani ɗan ƙarfe mai kamar sabulu a riƙa zagayawa da shi. Sauti yake aikawa, siriri wanda kunne ba ya ji, sautin ya bugi jikin yaron ya dawo, na'urar ta mayar da shi hoto a allo. Kamar dai yadda kike leƙa rijiya ki yi magana muryarki ta dawo miki. Wani likita mai suna Ian Donald, a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, shi da abokan aikinsa ne suka fito da amfanin wannan na'ura ga lafiyar mata a shekarar 1958. Kun ga ke nan ta haura shekara 60 ana aiki da ita. Ba irin hoton ƙashi ba ne da ake hana mai ciki, ba ya ƙona yaro, ba ya shanye ruwan ciki, ba ya kawo ɓari.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2016, ta ce kowace mai ciki ta samu a yi mata wannan hoto aƙalla sau ɗaya kafin ciki ya kai mako 24, kuma ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Lokacin da ya fi dacewa a duba halittar yaro dalla-dalla shi ne tsakanin mako 18 zuwa 22, wato daga wata huɗu da 'yan kai zuwa wata biyar. Kafin nan sassan sun yi ƙanana. Idan kuma ciki ya tsufa, ƙoƙon kai ya yi tauri, wuri ya matse, gani yakan yi wuya.

A nan ne al'adarmu take cutar da mu. Mu mata mun saba ɓoye ciki, musamman na fari, saboda kunya ko tsoron baki. Sai ciki ya fito ya turo zane, wata bakwai ko takwas, sannan a ce bari a je a yanki kati. Kunya ado ce, ban musa ba. To amma malamar awo ba surukarki ba ce, kuma aikinta ya hana ta kai zancenki gaba. Ki ɓoye wa maƙwabta in kina so, kada ki ɓoye wa asibiti.

Wani abin lura kuma, sikanin suna suka tara. Akwai na gaggawa, wanda cikin minti biyu za a ce miki yaro na motsi, ga watan haihuwa, ke kuma ki tambaya mace ce ko namiji, a miƙo miki takarda ki tafi. Akwai kuma na bincike, wanda mai hoton zai zauna ya auna kewayen kai, ya duba siffar ƙoƙon, ya duba layin da ya raba ƙwaƙwalwa biyu, ya duba ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, ya bi ƙashin baya gaɓa-gaɓa tun daga wuya har ƙugu. Zai kuma auna faɗin aljihun ruwan nan. Idan bai kai milimita 10 ba, wato kamar faɗin farcen ƙaramin yatsanki, lafiya lau ne. Daga 10 zuwa 12 ya ɗan buɗe kaɗan. Idan ya wuce 15, ruwan ya yi yawa sosai. Don haka idan kin kwanta a gadon hoto, ki buɗe baki ki ce: "Malam, ko Malama, don Allah an duba kan yaron da bayansa?" Matambayi ba ya ɓata.

To idan mai hoto ya ga abin da bai gamsu da shi ba fa? Zai tura ki gaba, wajen waɗanda suka fi shi kayan aiki da ƙwarewa. Daga ƙaramin asibitin garinku a tura ki babban asibiti kamar na Kazaure, daga can kuma in ta kama a ba ki takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kazaure. A can za a sake hoton da babbar na'ura. Wani lokaci kuma likita ya ce a yi hoto na biyu, wanda ake kira Em-Ar-Ai, mu ce masa hoton maganaɗisu.

Wannan na'ura babba ce, tana da rami a tsakiya kamar bakin ganga. Za ki kwanta a kan gado, sau da yawa a kan haƙarƙarinki, gadon ya shige da ke ciki a hankali. Ƙarfin maganaɗisu take amfani da shi ta zana hoton ƙwaƙwalwar yaron yanka-yanka, kamar an yanka albasa ana duba kowane zobe. Ƙashin kai ba ya tare mata gani, ƙibar uwa ko ƙarancin ruwan ciki ba sa dame ta kamar yadda suke dame sikanin. Tana nuna gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa, da lanƙwashe-lanƙwashen da ke samanta, da wurin da jini ya taɓa zuba ko ya yanke. An fara gwada ta ga masu ciki a 1983, amma a lokacin tana da nawa, yaro na motsi hoton ya ɓaci. Sai a shekarun 1990 aka samu dabarar ɗaukar kowane hoto cikin kamar daƙiƙa ɗaya.

Don a san ko wannan hoto na biyu yana da amfani, an yi wani babban bincike a Birtaniya ƙarƙashin Farfesa Paul Griffiths na Jami'ar Shefil, aka buga sakamakonsa a 2017. An bi diddigin 'yan tayi 570 waɗanda sikanin ya riga ya nuna alamar matsala a ƙwaƙwalwarsu. Da aka gwada da abin da ya tabbata daga baya, sai aka ga sikanin ya faɗi ainihin matsalar daidai a kashi 68 cikin 100, hoton maganaɗisu kuwa a kashi 93 cikin 100. Kun ga ke nan sikanin shi ne mai ƙwanƙwasa ƙofa, ɗaya kuma shi ke shiga ɗaki ya duba lungu-lungu.

Ba kowace mai ciki ke buƙatarsa ba. Yana da tsada, sai a manyan birane ake samunsa, kuma likita ne kaɗai zai ce a yi. Idan an ce ki yi, ga abin da za ki tarar. Ba a cika yin sa ba sai ciki ya wuce wata huɗu. Babu yanka, babu zafi. Za a ce ki cire duk wani ƙarfe, 'yan kunne da sarƙa da awarwaro da zobe da fil ɗin mayafi, saboda maganaɗisun yana fizgar ƙarfe. In an taɓa sa miki ƙarfe a jiki wajen wani aiki, ki faɗa tun kafin ki shiga. Na'urar tana da ƙara kamar injin niƙa, za a ba ki abin toshe kunne. Yakan ɗauki kamar rabin awa ko fiye da haka kaɗan. Za a ba ki ƙararrawa a hannu, in kin ji ba daɗi ki matsa a fito da ke.

Na san abin da ke ran wasunku. Kuna cewa, to in an gani ma me za a yi, ba gara a bar wa Allah ba? Ku saurara ku ji amfanin sani.

Na ɗaya, shi ne ran uwa. Kan da ya cika da ruwa ba zai bi ta ƙugu ba, ko ungozoma ta kai shekara arba'in tana karɓar haihuwa. Doguwar naƙuda irin wannan ita ke fasa mahaifa, ita ke kawo zubar jini, ita ke barin mace da yoyon fitsari. Duk wadda ta taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari na asibitin Jahun, nan cikin Jihar Jigawa, ta san abin da doguwar naƙuda ke yi wa mace. Idan an sani tun ciki na wata biyar, sai a sa rana, a tanadi jini, a tanadi mota da kuɗi, ki je asibiti da ƙafarki.

Na biyu, shi ne yaron. Wanda aka haifa da buɗaɗɗen baya ana so a rufe wurin da tiyata cikin kwana biyu zuwa uku, kafin ƙwayoyin cuta su shiga su hau ƙwaƙwalwa. In a asibitin da ke da likitocin ƙwaƙwalwa aka haife shi, kamar na Malam Aminu Kano ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, an rage tafiya da ɓata lokaci. Ruwan kai ma ana yi masa aiki. Akan sa siririyar roba a ƙarƙashin fata, ta riƙa janye ruwan daga kai zuwa ciki, ko kuma a huda wa ruwan sabuwar hanya a cikin ƙwaƙwalwar. Yaran da aka yi wa da wuri, da damansu suna tashi su yi wasa, su shiga makaranta. A Amurka har an kai ga ɗinke bayan yaro tun yana cikin mahaifa, wani bincike na 2011 ya nuna amfanin hakan, sai dai wannan aiki ne na wasu 'yan asibitoci ƙalilan a duniya. In kuwa ƙaddara ta sa an haifi yaro a gida da ƙullutu a baya ko a ƙeya, don Allah kada a kira wanzami ya tsaga, kada a shafa toka ko wani magani. A rufe da tsumma mai tsabta, kada a kwantar da shi a kan ƙullutun, a nufi asibiti a ranar.

Na uku, shi ne kwanciyar hankali. Sau da yawa hoto na biyu yakan nuna abin bai kai yadda aka ji tsoro ba. Yaran da aljihun ruwansu ya ɗan buɗe kaɗan, milimita 10 zuwa 12, kuma babu wata matsala tare da shi, fiye da 9 cikin 10 suna tashi lafiya kamar kowane yaro.

Sai dai kada in yi muku daɗin baki. Hoto siffa yake nunawa. Ba zai gaya miki ko yaro zai yi ƙoƙari a makaranta ba, ba zai faɗi tsawon kwanansa ba. Wasu matsalolin ba sa bayyana sai ciki ya tsufa, domin a wata biyar saman ƙwaƙwalwa sumul yake, daga baya ne yake lanƙwashewa. Wani ruwan kan ma bayan haihuwa yake zuwa, sakamakon sanƙarau ko wata cuta da ta kama jariri. Shi ya sa ko hoto ya yi kyau, ki riƙa lura. In kin ga kan jaririnki na girma da sauri, hula ta daina shiga, maɗiga ta kumbura ta yi tauri, idanu na kallon ƙasa, yana yawan amai, ki kai shi a auna. Masu cewa hoton ciki leƙen gaibu ne, a sani cewa na'ura abin da ya riga ya kasance take nunawa, kamar yadda ungozoma ke shafa ciki ta ce yaro ya juya ko bai juya ba. Abin da zai faru gobe yana wajen Mai shi.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Kun san 'yar ƙaramar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da ake haɗa muku da maganin ƙarin jini a wajen awo, wadda wasunku ke zubawa a bayan gado? Ita ce folik asid. Wani bincike da aka fitar a Birtaniya a 1991 ya nuna cewa matan da suka taɓa samun ɗa mai matsalar rufewar baya ko kai, da aka ba su ita tun kafin su sake ɗaukar ciki, maimaituwar matsalar ta ragu da kashi 72 cikin 100. Ku tuna da kwana 28 ɗin nan. Wadda ta jira sai ciki ya fito, ta makara a wannan fanni, ko da yake ƙwayar za ta amfane ta wajen jini. Saboda haka duk matar da ke iya samun ciki, amarya ce ko mai shirin yaye, ya kamata ta riƙa sha kullum, ta ci gaba in ciki ya shiga. Abin da ake so a kullum miligiram 0.4 ne. Wadda ta taɓa haihuwar mai buɗaɗɗen baya ko kai, likita zai rubuta mata mai ƙarfi, miligiram 4 zuwa 5. A haɗa da zogale da alayyahu da wake da gyaɗa da kuɓewa, kuma kada a dafa ganye har ya mutu, don wuta na kashe sinadarin. Mai ciwon suga ko mai shan maganin farfaɗiya ta ga likita tun kafin ciki, kuma kada ta daina maganinta da kanta.

Saura magana ɗaya, wadda na san ita ce babba. Yawancinku ba ku fita sai da izini, kuɗin mota ma sai an ba ku. Ki nemi lokacin da maigida ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, ki gaya masa abin da kika ji. Ki nuna masa cewa kuɗin hoto ɗaya a wata na biyar bai kai kuɗin shatar mota da tsakar dare da sayen jini leda-leda ba. In da nauyi a bakinki, ki bi ta wajen Inna ko Gwaggo, ko yayarsa da yake jin maganarta. Ki roƙe shi izini tun yanzu, wanda ko ya tafi cin rani ko kasuwa, in abu ya taso za a wuce da ke asibiti ba sai an jira shi ba. Ke ma ki riƙa ajiye ɗan wani abu daga kuɗin ƙuli-ƙuli ko kwasar adashi. Iyayenmu surukai, ku ne ƙashin bayan wannan al'amari. In kuka ce a je, babu mai cewa a'a.

Ke kuma 'yar'uwata mai saƙo, cikinki wata uku ne, ba ki makara ba. Gobe in Allah Ya kai mu ki shirya ki je awo. Ki gaya wa malamar duk abin da ya faru a cikin baya, kada ki rage komai, in akwai takardar sallama ta wancan asibiti ki tafi da ita. Ki nemi a sa miki ranar hoto na bincike a wata na biyar. Kuma tunda an taɓa yi miki aiki, wannan haihuwar a asibiti za ki yi ta, ko da hoto ya nuna komai lafiya. Ki kwantar da hankalinki, mafi yawan matan da suka gamu da irin abin da kika gamu da shi, cikin da ya biyo baya lafiyayyen ɗa suke haifa.

A nan zan dasa aya. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai wani makon in muna da rabon sake saduwa. Ku huta lafiya.